Allurar Jijjiga Ga Macen Da Ba Ta Jijjiga

Jiya da hantsi na ji ɗaya daga cikinku tana gaya wa 'yar'uwarta a bakin ɗakin haihuwa wai wannan aikin ba wani abu ba ne, allura ce kawai, ki zuƙa ki soka. Ban tanka ba, saboda hannuna yana cikin safa, ga mace a kan gado. Yau da aka ɗan sarara, ku jawo bencin nan ku zauna. Ni ba zan zauna ba. Idan aka kira ni zan tafi in dawo, ku riƙe mini inda na tsaya.

Na fi shekara talatin ina karɓar haihuwa a wannan yanki na tsakanin Kura da Bunkure. Yawancin samarin da kuke gani suna tuƙa adaidaita sahu, ko suna dashen shinkafa a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, ta hannuna suka fito. Ku kuma makaranta ta turo ku koyon aiki, kun zo da fararen kaya da waya a hannu, abin da na kwashe shekaru kafin in sani kuna duba shi a cikin minti ɗaya. Ban raina wannan ba. Amma maganin da kuka kira allura kawai, wanda littafinku ya kira magnesium sulfate, mu a nan muke ce masa magsalf, mutanen gari kuma suke ce masa allurar jijjiga, ya fi ƙarfin a karanta shi a waya.

Wadda ta koya mini aiki Sista Asabe ce, Allah ya jiƙanta. Doguwar mace, ba ta da yawan magana. Ranar da na fara aiki a ƙarƙashinta na ɗauko sirinji ina ta rawar jiki, sai ta karɓe ta mayar cikin tire, ta ja ni gaban wata mai jego da ke barci. Ta ce, "Ƙirga mini numfashinta." Na ƙirga na faɗa. Ta ce in sake. Na sake, ya bambanta da na farko. Ta ce, "To kin gani. Wanda bai iya kallon ƙirji ba, ba shi da hurumin taɓa jijiya." Watanni na yi ina ƙirga numfashi, ina duba fitsari a kwano, ina buga gwiwar mata in ga ko ƙafa za ta zabura. A lokacin ina ganin wahalar da ni take yi. Ba a ma kawo mana magsalf ba a zamanin. Idan mai ciki ta zo tana jijjiga, allurar barci muke yi mata, mu danne ta kada ta faɗo, mu tare harshenta kada ta taune shi, sauran kuma mu bar wa Allah.

Na tuna mace ta farko da na ga an yi wa maganin bayan ya iso mana. Daga wani ƙauye ta wajen Garun Mallam aka kawo ta a bayan a-kori-kura, a kan buhunan albasa, bakinta duk jini. Muka ba ta ta jijiya, muka ƙara ta tsoka, jijjigar ta tsaya ba ta sake dawowa ba. Washegari ta buɗe ido ta tambayi inda ɗankwalinta yake. Daga ranar babu wanda ya sake bukatar a yi masa wa'azi a kan maganin nan. Kowa ya gani da idonsa.

Amfaninsa na biyu kuwa ba a ganinsa da ido, shi ne ya sa yake da wuyar sha'ani. A wata bita da aka kira mu cikin birni aka fara gaya mana. Aka ce idan naƙuda ta kama mace tun cikin bai kai mako talatin da biyu ba, wato bakwaini za ta haifa, kuma an tabbatar haihuwar ta taho ba fashi, to a ba uwar wannan maganin kafin ɗan ya fito. Ko da jininta bai hau ba, ko da ba ta taɓa jijjiga ba. Maganin zai bi ta jikinta ya isa ga jaririn, ya rage haɗarin ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni irin wanda ke sa yaro ya tashi jikinsa a shanye.

Ina zaune a zauren bitar, amma hankalina ya dawo nan. Akwai wata mai turara shinkafa da nake gamuwa da ita a hanyar inji kusan kullum, goye da yaron da ya isa shiga makaranta. Ƙafafunsa a harɗe kamar almakashi, wuyansa ya langaɓe a kafaɗarta, yawu yana jiƙa mata riga. Bakwaini ne, ni na karɓe shi. Dangin uban suka ce ɗan ruwa ne, wasu suka ce iska ta taɓa shi. Ita dai ta goya abinta, ta ɗora buhu a ka, ta ci gaba da neman abin da za su ci. Irinta ba ɗaya ba ce a garuruwan nan, sai dai yawanci a cikin gida ake ɓoye yaran. Aka tashi daga bitar aka raba abinci, ni na kama hanyar tasha.

Na zaci da na dawo na faɗa, shi ke nan za a fara. Ina! Mai ciki ta farko da ta zo da irin wannan naƙuda, na aika a karɓo maganin daga sito, mai riƙe da makulli ya aiko da tambaya: tana jijjiga ne? Aka ce a'a. Ya ce to shi abin da ya sani na masu jijjiga ne, kuma kaɗan ya rage. Ban ga laifinsa ba, haka aka koya masa. Kafin in je da kaina in yi bayani, in nemo likita ya sa baki, in dawo da kwalaben a hannu, an riga an haihu. Naƙudar bakwaini ba ta jiran kowa. Ɗan ƙarami ne, ba ya bukatar hanya ta buɗe sosai, kina juya baya sai ki ji ya faɗo.

Shi ya sa na ɗauko kular abinci daga gidana, waccan shuɗiyar da kuke gani a kan kabad. Na wanke ta na zuba duk abin da aikin yake bukata: kwalaben maganin, 'yan ƙananan nan da ake karya wa wuya, babban sirinji, ruwan sirki, kanular da ake sakawa a jijiya, robar fitsari da jakarta, tef na awon ciki, da allurar da ke taimaka wa huhun jariri ya yi ƙwari, don tare suke tafiya. Akwai ɗan gudumar roba na buga gwiwa, ya ɓace tuntuni, yanzu da gefen hannu muke yi. Likitanmu ya yarda a ajiye kular a ɗakin haihuwa ba kulle, ya ce a kira shi ko yana ina, umarni zai bayar da baki, rubutu ya biyo baya.

Sai kuma muka shiga shekarar da ba na son tunawa. Wata Juma'a aka turo mana mace daga wani ƙaramin asibitin ƙauye, jininta ya hau, cikin bai isa ba. Ashe can an riga an yi mata allurar, cikakken awo na farko. Takardar da aka haɗo ta da ita ta tafi a aljihun mai babur ɗin da ya rako su, dangi kuma ba su san sunan abin da aka yi mata ba. Da aka tambaye su suka ce an dai yi mata allura. Wadda ke bakin aiki ta ga jini a sama, ta yi abin da ya kamata a yi wa wadda ba a ba komai ba, ta sake ba ta daga farko.

Da na shigo na tarar da matar kwance lamo, kamar mai barcin gajiya. 'Yar'uwarta har tana murna wai ta samu sauƙi. Na buga gwiwa, ƙafa ba ta motsa ba. Na kalli ƙirji, sai ya ɗaga, ya sauka, ya daɗe kafin ya sake ɗagawa. Maganin ya yi mata yawa, yana neman ɗauke numfashinta. Yana da makari, wata allura ce ta kalsiyam, amma babu ita a ɗakin, tana sito, mai makulli kuma ya tafi masallaci. Na kifa mata jakar hura iska a fuska ina matsawa, na tura mai shara ya hau babur ya bi kemis-kemis na cikin Kura. Ban san tsawon lokacin da na yi ina matsa jakar nan ba, na dai san yatsuna sun ƙage. Ya samo, muka yi mata, numfashi ya dawo. Ta rayu, ɗanta ma ya rayu.

Amma labari ya riga mu fita. Kafin mako ya zagayo, a wajen sheƙar shinkafa da gidajen suna ana cewa asibitin nan suna da allurar da ke ɗauke ran mutum. Ma'aikatanmu ma suka tsorata. Ga mai jijjiga dole su yi, don ba su da zaɓi. Amma mace lafiyayya, tana magana da bakinta, a ce a saka mata wannan abu saboda ɗan da ba a gani ba? Kowa sai ya ce a tura ta Kano. A wannan shekarar kuma kayan da ake aiko mana suka yanke na tsawon lokaci, ɗan abin da ya rage muka tattala wa masu jijjiga. Kular nan ta zauna wayam. Mata suna ta zuwa da naƙudar wata bakwai, muna ɗora su a mota hannu rabbana. Wasu sun kai. Wasu kafin gadar Tamburawa sun haihu a kujerar baya, direba ya juyo da su, jariri a naɗe cikin zane ya yi sanyi.

Da magani ya dawo, ban jira wata bita ba. Ranakun da ba ni da aiki na riƙa hawa babur ina bin ƙananan asibitocin da ke turo mana mata, ta kan gaɓar kanal, ƙafafuna duk taɓo. Muka yi yarjejeniya da su: duk macen da aka yi wa allurar nan, a manna mata filasta a damtse, a rubuta abin da aka ba ta da lokacin. Takarda tana ɓata, hannu kuwa tare da mai shi yake zuwa. Na saka makari a cikin kular, na ce duk ranar da babu shi, kada wanda ya karya kwalba. Na zauna da ungozomomin gari, tsofaffin da ake fara kira kafin a tuna da mu, na roƙe su idan faya ta fashe wata bai cika ba, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a taho. Wasu sun ji, wasu sun ce mini to, na san ta baki ce. Duk da haka tsoron bai bar ɗakin nan ba, har ranar da aka kawo Hansatu.

Lokacin girbin shinkafar damina ne, rana ta take. Hansatu matar wani Bafulatani ce daga rugar da ke bayan Bunkure, mutanen da suka daɗe da zama, suna kiwo suna noma. Ta kai wa masu yankan shinkafa abinci, tana sauke kwano a bakin kanal faya ta fashe. Surukarta, wata ƙaƙƙarfar tsohuwa da ake kira Goggo Dije, ita ta tare adaidaita sahu ta kawo ta, har da ɓuntun shinkafa a zanensu. Ni da Fa'iza muke aiki, wata ƙaramar ma'aikaciya da ba ta daɗe da gama makaranta ba, kamar ku.

Ina ɗora hannu a cikin na san bai isa ba. Amma wata nawa? Hansatu ba ta taɓa yin hoton ciki ba, awo sau ɗaya ta je. Wannan maganin kuwa sai an san kwanan ciki, ba a yi wa wadda cikinta ya wuce lokacin.

Na ce, "Hansatu, yaushe rabonki da fashin sallah?"

Ta saci kallon surukarta, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Goggo, don Allah ki taimaka ki karɓo mana ruwan zafi a wajen mai shayin bakin ƙofa." Tana fita Hansatu ta ce, "Ƙarshen azumi ne, Malama. Ko idi ban je ba. Daga shi ban sake gani ba."

Ku riƙe wannan. Mace za ta iya mance kwanan wata na Bature, amma ba ta mance azumin da ta sha. Na bi watannin da yatsu, daga ƙaramar Sallah, na wuce Layya, na wuce cika-ciki, ga shi mun bar Maulidi da Takutaha a baya da wata guda da ɗoriya. Wata bakwai. Na ɗora tef, ya yi daidai da lissafin. Na duba ta ciki, bakin mahaifa ya buɗe fiye da rabi, ciwon yana zuwa a jere. Da da hali, gara a kai ta Kano da ɗan a ciki, can akwai kwalbar jarirai. Amma a irin wannan lokaci titin cike yake da manyan motocin shinkafa, na san a hanya za ta haihu.

Likita yana ɗakin tiyata, hannunsa a cikin wata mara lafiya. Na tura Fa'iza ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa masa abin da muka gani. Ta dawo da gudu ta ce ya ce a yi duka biyun, ta huhu da magsalf, yana gamawa zai zo. Muka auna jini, lafiya lau. Gwiwa tana zabura, numfashi daidai, fitsari yana fita. Babu filasta a damtsenta, ta kuma ce ba su biya ko'ina ba. Na sauko da kular.

Ina karya wuyan kwalba Goggo Dije ta shigo da kofin ruwa. Ta tsaya ta ce, "Wace allura ce wannan?"

Fa'iza, da yake ba ta san dawan garin ba, ta ce, "Allurar jijjiga ce, Goggo."

Tsohuwar nan ta dire kofin, ta zo ta shiga tsakanina da gadon. Ta ce, "Jijjiga take yi? Ke kin ga tana jijjiga? Ba ita ce kuka yi wa wata a nan numfashinta ya ɗauke ba? Da ƙafarta ta shigo, da ƙafarta za ta fita. Ba za a yi ba."

Ciwo ya sake taso wa Hansatu, ta damƙe ƙarfen gado. Ni kuma ina ji a jikina lokaci yana tafiya, don maganin yana son ya samu ɗan sarari a jikin uwa kafin ɗan ya fito. Fa'iza ta raɗa mini wai mu rubuta sun ƙi, mu tura su. Na ce ta yi shiru.

Na ce, "Goggo, abin da kika ji gaskiya ne, an yi. Ina wurin, ni na hura mata iska. Sau biyu aka ba ta ba a sani ba, shi ya jawo. Wannan kuwa ba a ba ta komai ba, kuma ba zan matsa daga nan ba. Ba don ita zan yi ba, don abin da ke cikinta ne. Zai fito bai nuna ba. Kin san yaran nan da ake goyo har su girma, wuya ba ya tsayawa?"

Na ga ta sani.

Na ɗauko kwalbar makarin na kama hannunta na saka mata a tafi. Na ce, "Wannan shi ne makarinta. Ki riƙe. Ki zauna nan ki zuba wa ƙirjinta ido. Idan kika ga numfashinta ya canja, ki yi mini ihu, ki miƙo mini."

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Ta ce sai an kira mijin. Aka buga, wayarsa tana can cikin riga a gindin bishiya, shi yana cikin gona. Sai Hansatu ta yi magana. Ta ce, "Malama, in an yi, ɗan zai yi tafiya?"

Na ce, "Ba zan yi miki alkawarin abin da ke hannun Allah ba, 'yata. Yana rage haɗarin ne, ba ya kawar da shi duka. Amma da 'yar cikina ce a kan gadon nan, da tuni na yi mata."

Ta juya ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ki bari a yi. Ni zan goya shi."

Goggo Dije ta ja kujera ta zauna, kwalba a dunƙule a hannu. Ba ta ce ta yarda ba, ta dai matsa.

Yanzu ku saurari inda allura kawai take zama aiki. Ba a tura maganin nan da sauri. A hankali ake shigar da shi ta jijiya, minti ashirin ko fiye, babban yatsa a kan sirinji, ido a kan agogo. Mu ba mu da na'urar da ke tura shi da kanta, yatsanki ne na'urar. Mace tana murƙususu, hannun da kika saka wa kanula yana fizgewa, zuciyarki tana ce miki ki danna ki huta kafin kai ya fito. Ba za ki danna ba. Na riga na gaya wa Hansatu za ta ji zafi ya game mata jiki, amma da ya zo sai da ta yi ƙara: "Wuta, Malama! Wuta a ƙirjina!" Fuskarta ta jiƙe da gumi, ta yi yunƙurin amai. Goggo ta miƙe zumbur tana miƙo mini kwalba. Na ce, "Ba shi ba ne, Goggo, wannan zafin dama na faɗa. Kalli ƙirjin, yana tafiya?" Ta kalla ta ce yana tafiya. Na ce to ki yi mata fifita. Ta cire mayafinta ta shiga kaɗawa da hannu ɗaya, ɗayan bai saki kwalbar ba.

Da na gama na farko muka ɗaura sauran a cikin ƙarin ruwa, muka daidaita ɗigon. Shi ma ba a barinsa, don idan mace ta lanƙwasa hannu sai ya tsaya, ta miƙe kuma ya zubo da gudu. Na sa Fa'iza ta riƙa buga gwiwa tana duba jakar fitsari, ni ina sauraren bugun zuciyar ɗan, ina leƙa ƙofa ko likita ya fito, ina aika a gaya wa direban motar asibiti kada ya yi nisa. Muka ɗumama zannuwa a rana. Na gwada jakar hura iska ta jarirai a tafin hannuna har sau nawa, ban sani ba.

Ana kiran la'asar ta haihu. Mace ce, tafukan hannuna biyu sun ɗauke ta, fatarta ja kamar ta ɗan tsuntsu. Ba ta yi kuka ba. Na goge ta, na kwantar, na ɗora jakar a fuskarta ina matsawa a hankali da yatsu biyu. Likita ya shigo ko hular tiyata bai cire ba, ya ɗora abin saurare a ƙirjinta ya ce in ci gaba, zuciya tana nan. Can sai ta yamutsa fuska, ta saki wani siririn kuka kamar na 'yar kyanwa. Muka cire wa uwar maganin, tunda ya gama aikin da aka sa shi.

Hansatu ta zubar da jini kaɗan, likita ya ce ba za ta hau mota a ranar ba, jaririyar kuwa dole ta tafi Kano kuma dole a tafi da ita da ɗumi. Na dubi Goggo Dije na ce ta kwance rigarta. Ta ce, "Ni? A gaban likita?" Likita ya juya baya. Muka kwantar da jaririyar tsirara a tsakiyar ƙirjin kakarta, fata da fata, muka ɗaure da zane, muka rufa mayafi. Sai da za ta shiga mota ta tuna, ta buɗe hannu ta miƙo mini kwalbar makarin, ta jiƙe sharkaf da gumi. Fa'iza ta raka su.

Sun yi makonni a can, uwar ta bi su. Da suka dawo aka sa wa yarinyar suna Amina. Duk ranar rigakafi ina baro ɗakin haihuwa in leƙa layi in neme su. In ɗaga ta in ga wuya, in ja hannuwanta, in buɗe ƙafafun in ji ko sun yi tauri. Wuya ya tsaya a makare. Zama ya zo a makare. Ta daɗe tana jan ciki kafin ta yi rarrafe, har Hansatu ta fara zuwa mini da ido ja. Na ce ta ƙara haƙuri, bakwaini da lissafinsa yake tafe. Daga baya suka daina zuwa, rigakafi ya ƙare, ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Kada ku ce na gaya muku allurar ce ta yi. Ban sani ba. Akwai bakwainin da ba a yi wa uwarsa komai ba ya tashi garau, akwai wanda aka yi wa kuma abin ya same shi. Ba za ki taɓa nuna yaro ki ce wannan ni na tsare shi ba. Abin da na sani shi ne, daga ranar Fa'iza ta daina jira in zo, ita take sauko da kular ta kira likita, sauran kuma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Har yau ba kowace muke samu a kan lokaci ba. Makon jiya ma wata a bakin ƙofa ta haihu.

Bara, wajen lokacin ɗiban tumatir, ina tsaye a baranda sai na ji ana ƙwala mini kira, "Malama! Malama!" Goggo Dije ce, ta taho da matar ƙaramin ɗanta, ciki ya tsufa har ya sauka, ga wata 'yar yarinya siririya riƙe da gefen zanenta. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ga ta nan na kawo da wuri. A yi mata allurar zafin nan, ki ba ni kwalbata in riƙe."

Na duba matar, cikinta wata tara cif, jininta lafiya. Na fito na ce, "Goggo, wannan ba ta bukata. Nata ya nuna."

Ta ce, "Ki dai yi mata, ai ba a san gaibu ba."

Na ce ba a yi sai da dalili, magani ne mai ƙarfi, ita da kanta ta gani. Ta ɓata rai ta ce a da ni ke roƙonta, yanzu ta zo da kanta ina ja mata aji. Muna cikin wannan ja-in-ja ta shafa gefen zanenta ta ji wayam. Ta waiga ta ce, "Ina Amina?"

Muka hango ta can ta nufi bakin ƙofar asibiti, ta ga awaki suna wucewa, ga babura suna ta kai-kawo a titi. Goggo ta yar da mayafi, ni na yar da abin awon jini, tsofaffi biyu muka rufa mata baya muna ihu a tare ta. Ba mu cim mata ba sai da mai gadi ya sha gabanta.